Jan Ulu

Da wayar keke na fara,
guda biyu da Barau mai faci ya zare mini daga tsohuwar ƙafa.
Na goga bakinsu a dutsen niƙa har suka yi tsini.
Atine, ungozomar asibitin Kademi,
ta kama yatsuna ta ce, "Sassauta, Laure,
zare ba akuya ba ne, ba ya son ɗaurewa."

Ido ashirin ta ɗora mini.
Kafin la'asar sun koma sha bakwai,
ukun ban san ta inda suka bi ba.
Hular farko da na yi wa Talle
bakin tulu kaɗai ta yi wa daidai,
nan ta shekara biyu tana hana ƙuda faɗawa.

Ulun kanti ya fi ƙarfin kuɗin ƙuli-ƙulina.
Sai na bi motar Wudil ran Juma'a,
a layin 'yan gwanjo na ɗaga wata jar rigar sanyi
mai huda a gwiwar hannu.
Ko ta wace ce, a wace ƙasa, Allah masani.
Kwana uku ina jan bakin zarenta,
ya fito a cukurkuɗe kamar taliyar yara.
Na naɗe shi a jikin turmi,
na turara shi bisa tukunya kamar dambu,
ya miƙe sumul, ya manta mai shi, ya yarda da sakewa.

Daga nan hannu ya faɗa.
Ɗaya gaba, ɗaya baya, don bakin hannu ya kama.
Mai kitso, wadda ake ajiye ido uku a tsinken tsintsiya
a tsallake su a dawo,
ita ta sa na ƙona miyar kuka sau biyu.
Kwarashi kuwa ɗan gaggawa ne,
sarƙa, sarƙa, a zagayo,
kafin tuwo ya sulala marfin kwano ya kusa gamuwa.

Na san halin kowane zare.
Na roba yana ƙara a yatsa, ya ga wuta ya ƙanƙance.
Mai sheƙi, ɗan birni, santsi gare shi kamar tarwaɗa.
Na buhu na yi soso da shi, ya ci mini fata.
Na audugar da Inna ta kaɗa da mazari
yana tsinkewa, ina ƙullawa,
amma shi kaɗai jariri ke barci a ciki ba ya farkawa.

Jan nan dai bai bar gidan ba.
Ya zama rigar Talle ta makarantar kwana.
Da kafaɗa ta fi ƙarfinta, na warware,
na fitar da hula da safa na sunan 'yarsa Shatu.
Ragowar ta tafi ƙafar Malam Nomau,
yana sa ta cikin takalmin roba in zai je ban-ruwan tumatir da asuba,
wai kada abokan lambu su gani su yi ta tsokana,
alhali duk Kademi an san da maganar, ana dai ƙyalewa.

Yanzu ido ya yi rauni,
yatsa ke ƙirga mini.
Jiya Shatu ta ɗaga aikin ta ce,
"Kaka, ga rami nan, kin zubar da ɗaya."
Na ce, bar shi, ta nan iska za ta gaishe da mai sawa.

Abin da ya rage bai fi ƙwallon goruba ba,
yana cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado.
Kuluwa ta aiko, wata bakwai gare ta, shuɗi take so.
Na ce a gaya mata shuɗi sai Wudil,
ga motar ta yi tsada.
In za ta karɓi ja,
ta aiko mini da Shatu ta riƙe mini bakin zaren,
gobe bayan azahar za mu soma ɗorawa.